Majinyacin da Na Ƙera da Hannuna

A shekarun da ordinatar, wato kwamfuta, take baƙuwa a Adar, ni ne wanda ake nunawa da baki a kasuwar Buza, a ce ga mutumin da ya san ta. Sanin nawa bai wuce ƴan watannin da na yi a Yamai ba, cikin wani ɗaki mai zafi inda muke bin layi kafin mu taɓa madannai. Na dawo gida da takardar shaida, da karabat ɗaure a wuya, da jakar hannu wadda babu kome cikinta sai disket da goro. Ina tafiya ina riƙe da ita kamar akwai sirrin gwamnati a ciki.

Babanmu ya rasu tun ina lakwal, makarantar boko. Ƙannena maza sun bi motar Abijan ɗaya bayan ɗaya, ni babba ni kaɗai na rage kusa da Inna a ƙauyenmu, bayan Buza. Kawuna da ke can Abijan ya aiko cewa akwai wuri a teburinsa na agogo da tabarau, in damina ta wuce ban sami aiki ba in taho, a daina yawo da jaka. Inna ba ta taɓa cewa kada in tafi ba. Sai dai duk ranar da aka tayar da zancen, miyar ranar takan fito babu gishiri.

Ana cikin haka na ji cewa wani asibitin mishan a wajen Madawa ya sami kyautar ordinatar, kuma suna neman wanda zai rubuta mata porogaram na karɓar majinyata, a huta da katunan da suka cika akwatunan katako. Na je, aka ɗauke ni a kan gwaji. Sharaɗin a fili yake: in rubuta, a sa rana, babban likita ya zauna ya ga abin yana aiki a kan mutanen da ke layi. In ya yi, aiki ya zama nawa. In bai yi ba, a yi mini addu'a a sallame ni. Ma'aikatan kusan dukansu masu bi ne, da waƙa da addu'a suke buɗe aikin safe, ni kuma in yi sallata a inuwar ɗakin gurup, wato injin da ke ba mu wuta. Babu wanda ya taɓa takura wa wani.

Baturen injiniyan da ya kawo ordinatar ɗin ya yi ƴan makonni da mu kafin ya koma ƙasarsu. Shi ya koya mini abin da ba a koya mana a Yamai ba: ka rubuta ƙaramin porogaram wanda aikinsa kawai ya gwada babban. Kowace safiya ka tashe shi, shi da kansa zai bi sassan aikinka yana yi musu tambayoyi, ya faɗa maka inda ya karye. Aikin nawa sassa ne. Akwai sashen da ke magana da injin buga takarda, akwai mai duba kwanan wata, akwai kuma zuciyar abin, wato katin majinyaci kansa, wanda ya san abin da za a tambayi mutum, da amsar da zai karɓa, da lokacin da kati ya cika.

Ya ce mini a wurin gwaji ana iya cire wani sashe a sa na ƙarya a madadinsa, wanda zai amsa kamar na gaske. Na gane nan take, don na sha gani wurin makiyayan da ke sauka bayan garinmu. In maraƙi ya mutu, sai a cusa ciyawa cikin fatarsa a kawo gaban saniya, ta shinshina ta saki nono. Fatar tana sa a sami nono, amma ba za ta gaya maka kome game da lafiyar maraƙi ba.

Sai ya ja mini kunne da faransancinsa mai kauri. Ya ce in sa na ƙarya a wurin abin da ke cin kaya ko ɓata lokaci, ko abin da ba a hannuna yake ba. Injin bugawa yana cin takarda da tawada, a sa na ƙarya. Kwanan wata ba zan iya jiran shekara ta juya don in ga abin da zai faru ba, a sa na ƙarya. Amma katin majinyaci nawa ne, a cikin injin yake zaune, ba ya cin kome, kuma shi ne ainihin abin da ake son a sani ko yana aiki. Wannan, in ji shi, kullum da na gaske za a gwada. Na gyaɗa kai irin na wanda ya riga ya sani tun a ciki. Motarsa ba ta kai kwalta ba na juya maganar kai a ƙasa.

Ga yadda aka yi. Safiyar farko da na gwada da katin gaske, fuskar ordinatar ta cika da kurakurai tun daga sama har ƙasa. A daidai lokacin madam mai karɓar kati ta leƙo. Mace ce mai kirki, matar wani dattijon ikilisiya, ita za ta riƙa aiki da injin in an gama. Ta dubi rubutun, ta dube ni, ta ce, "Lahiya dai, ƙanena?" Na ce lafiya lau, haka injin ke gaisuwa da safe. Tana fita na ji zufa har cikin karabat. Na yanke shawarar cewa ba za a ƙara kama ni haka ba.

Sai na ƙera majinyaci. Namiji ne, mai matsakaitan shekaru, ya san ranar haihuwarsa har da watanta, garinsa ɗaya, ubansa ɗaya, ba ya tari a tsakiyar magana, ba ya tambayar lafiyar iyalinka kafin ya amsa. Ban taɓa haɗuwa da irinsa tsakanin Keita da Madawa ba, amma wannan bai dame ni ba. Da na ga ya yi kyau, na yi masa mata, wadda kan faɗi sunan mijinta ko ƙiftawa ba ta yi. Don a san ni mai zurfin tunani ne, na ƙara da wata wadda mijinta ya mutu, ita ma amsarta a bakinta. Duk lokacin da ƙaramin porogaram ya tambayi katin ƙaryar ko ya cika, sai ya ce ya cika, don haka na rubuta masa ya ce. Ni na sa tambaya, ni na sa amsa, ni na ba kaina maki. Kowace safiya fuskar injin sai ta jero mini daidai, daidai, daidai, in zauna ina kallo ina tauna goro, ina jin tausayin waɗanda ba su yi karatu ba.

Injin bugawa kuwa na bar na gaske. Dalilina ba na ilimi ba ne. Injin nan in ya fara aiki ƙararsa takan kai har ɗakin masu jego, kuma duk wanda ya wuce sai ya ce yaron nan na Buza ba ya hutawa. Na ƙone takardar mishan ba kaɗan ba don a ji ni.

Katin gasken yana gefe, ina ta ƙara masa dokoki ba tare da na gwada ko ɗaya ba. Wadda na fi alfahari da ita ita ce ba a barin gurbi babu kome. Mace za ta faɗi sunan mijinta, in ya rasu ta faɗi na babban ɗanta, don kada a haɗa mata biyu masu suna ɗaya daga gari ɗaya. Niyyar mai kyau ce, har yau ina kan wannan. In aka bar gurbin haka, injin zai yi ƙara ya sake tambaya, babu gaba babu baya, sai dai a kashe shi. Ƙarar ma ni na zaɓe ta, doguwa, mai shiga kunne. Madam ta taɓa kawo mini damin tsofaffin katuna daga akwati ko zan so in gwada da su. Na duba na ga rabin gurabensu babu rubutu, na mayar mata, a raina ina cewa wannan lalacin ma'aikata ne injina ya zo ya kawar.

Da aka sa ranar gwaji na je gida na gaya wa Inna. Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba.

"Da mutane za a gwada shi?"

"Da duk wanda anka iske ga layi, Inna."

"In anka samu mai gardama hwa?"

Na yi dariya na ce injina ba ya jin gardama. Ta ci gaba da tankaɗenta.

Ranar ta zo. Babban likita, wani dogon bature da ya daɗe a ƙasar har hausarsa ta nuna, ya sa aka ajiye mini benci a kusurwa. Ya ce yau madam ce da injin, ni ɗan kallo ne. Kada in taɓa, kada in yi magana, ko da wuta ta kama. In na buɗe baki gwaji ya tashi, don ba kullum zan kasance a bayanta ba.

Na farko wani makiyayi ne daga wajen Azarori, mai tari. Ya jingina sandarsa, ya amsa abin da aka tambaye shi, madam ta ƙiyasta shekarunsa, injin bugawa ya yi kukansa, kati ya fito. Na biyu wani manomi daga Garhanga, shi ma haka. Na gyara karabat, na fara tunanin irin teburin da zan ce a saya mini.

Sai aka ɗaga labule, Inna ta shigo.

Tana sanye da zanenta na zuwa suna. Daga baya na ji cewa tun jiya ta hau kamiyon kasuwa, babbar motar kaya, ta kwana gidan wata ƴar garinmu don ta kama gaban layi. Babu wanda ya san ta a asibitin. Ba ta dubi kusurwar da nake ba, ko da wutsiyar ido. Na yunƙura zan tashi, likita ya ɗaga mini yatsa ba tare da ya juyo ba, na koma na zauna.

"Sannu, Inna," in ji madam. "Mi ad da ke?"

"Gwiwa ta, ɗiyata."

Na san gwiwoyin nan. Su ke zuwa rijiya, su ke zuwa fadama su dawo da dami a ka. Babu abin da ke damunsu. A nan na gane abin da ya kawo ta: ta zo ne ta zama majinyaciyar da ba ta gardama, don injin ɗanta ya sami mai sauƙi. Kunya da tausayi suka taso mini tare, na rasa wanda zan haɗiye.

Ta faɗi sunanta, ta faɗi garinmu. Madam ta tambayi sunan mai gida, Inna ta ce ya riga mu gidan gaskiya. Madam ta yi mata ta'aziyya, ta danna wurin da na tanada wa waɗanda mazansu suka rasu. Tambaya ta gaba ta fito. Na ga madam ta karanta, ta ɗan yi jim, don ita ma ƴar ƙasar ce.

"Inna, injin na biɗar sunan babban ɗanki."

Inna ta sunkuyar da kai.

Ni ne ɗan farinta. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ni kuma nawa ya fi haka nauyi, don sunan kakana aka sa mini, uban mijinta. Tun da na buɗe ido a duniya sunana a bakinta shi ne kai, ko wancan, ko yaron nan. In tana nemana a cikin yara sai ta aiki wani ya kira ni. A cikin wannan na girma, na sha nononsa, sannan na je Yamai na dawo na zauna na rubuta wannan tambayar da hannuna, na kuma kulle ƙofa a bayanta. Matar ƙaryar da na ƙera ba ta da suruki, ba ta da kunya, shi ya sa ba ta taɓa tuna mini ba.

Madam ta danna don ta tsallake. Injin ya saki ƙarar nan tawa. Ta sake dannawa, ya sake. Ban taɓa jin sauti mai muni irin wannan ba.

"Babu wanda ya rako ki, Inna? Ko shi ya hwaɗi muna."

"Ni ɗai nit taho."

"To bari in riƙa kiran sunaye. In na zo ga nashi, ki ɗaga kai."

Ta bi sunayen annabawa, ta bi na sahabbai, ta bi waɗanda ake sa wa yaro saboda ranar da aka haife shi. Inna tana zaune kamar an dasa ta. Sunan nawa tsohon suna ne na mutanen da, ba ya cikin waɗanda ke zuwa baki da sauri, kuma madam ba ta da dalilin da zai sa ta tuna da ni. A waje layi ya fara guna-guni. Madam ta dubi likita ta tambaye shi ko ta sa wani suna haka nan don a wuce. Ya girgiza kai, ya ce katin asibiti ba wurin ƙage ba ne. Sannan ya ce, ba da faɗa ba, yawancin matan da ke zuwa nan haka suke, in injin ba zai karɓe su ba to ba na wannan wurin ba ne. Ya miƙe ya nufi inda makunnin yake.

Ina da baki, kuma sunan nawa ne. Amma in na yi magana gwaji ya tashi. In kuma na ce uwata ce, kowa zai ɗauka ni na dasa ta a layi don in yi maguɗi, in jawo mata abin faɗa a gaban baƙi. Na zauna ina kallon takalmana, ina ganin teburin kawu da tabarau jere a kai.

"Ɗiyata," in ji Inna, "in ban hwaɗi ba, mi za a yi?"

"Sai a kashe shi mu koma ga katin hannu. Ke babu abin da ka samun ki, likita na ganin ki yanzu."

"To mai injin hwa?"

Madam ta dubi likita. Sannan ta ce, "Sai yadda Allah ya yi, Inna."

Inna ta ja gefen mayafinta ta rufe baki. Ta yi magana, amma gurup yana ruri a bayan bango, ba a ji ba. Likita ya tsaya da hannunsa a kan makunni. Madam ta matso da kunnenta.

"Ban jiya ba, Inna. Ƙara hwaɗi."

Ta sauke mayafin. Ta faɗi sunana, a fili, kowane harafi a wurinsa, idonta a kan bango.

Yatsun madam suka tsaya a kan madannai. Ta juyo ta dube ni, ta dubi Inna, na ga ta gane. Ta rubuta sunan. Injin bugawa ya fara kukansa, kuma a karon farko na so a ce ba a jin sa. Likita ya ɗauki katin ya duba, ya ce mini baiwar Allahn nan ta yi mini alheri, ta gaba ba za ta yi ba. Ya ce aiki nawa ne, da sharaɗin in buɗe wannan ƙofar kafin mako ya fita, injin ya riƙa karɓar gurbi ko babu kome a ciki. Bai san kome ba, madam kuma ba ta taɓa gaya masa ba.

A kwanakin da suka biyo na kori majinyatana na ƙarya, mijin da matar da mai takabar duka. Na sa injin bugawa na ƙarya a cikin gwaji, na je da kaina na roƙi madam damin tsofaffin katunan nan. Fuskar ordinatar ta koma cika da kurakurai kowace safiya, ina bi ina gyarawa. Ɗakin ya yi tsit, har wani mai shara ya tambaye ni ko an hana ni aiki ne. Duk wanda na koya wa wannan sana'a daga baya, abin da baturen nan ya faɗa mini shi nake faɗa masa, kuma ina ganin yadda suke gyaɗa kai.

Amma wannan daga baya ne. A ranar, da aka tashi cin abinci, na ruga tasha. Na same ta zaune a gindin bishiyar bedi tana jiran kamiyon Buza ya cika, da ɗan kwalin man shafawa da aka ba ta a ƙulle a bakin zane. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa tana kallon masu lodi.

"An ba ka?"

"An ba ni, Inna."

"To, madalla."

Sai na tambaye ta gwiwar. Ta ce ta yi sauƙi. Yaron mota ya kira masu Buza, ta miƙe, ta kama ƙarfe ta haye ba tare da kowa ya taimaka mata ba, ta zauna ta ba ni baya.

Na riƙe aikin nan shekaru, ina zuwa gida duk ƙarshen mako, kuma ina kusa da ita ranar da ta cika. Sunana ban ƙara jin sa a bakinta ba. Godiya ma ban taɓa yi mata ba, don in na yi, sai na tuna mata ta faɗa.